ARZIKIN ƘASA: A FID DA BASHI TUKUNA

Ya ku 'yan'uwa na rassan Magarya, Matamai, Mirya, Tanut, Gure da birnin Damagaram,

Akwai wata magana da ta cika kasuwanninmu. Wani ya ce Nijar ƙasar arziki ce, ga uraniyom ga man fetur ga zinariya. Wani ya ce ina arzikin yake, tun da kullum aka jera ƙasashen duniya mu ne can wajen wutsiya? A yi ta musu har kasuwa ta watse. To, mu abin da muka gani, duka biyun ba su gama lissafi ba. Ba a sanin arzikin mutum ko na ƙasa sai an tara abin da ke hannu, an fid da bashi, sa'an nan a dubi abin da ya saura.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga ɗan kasuwa. Ku ɗauki mutum biyu a Kasuwar Dole. Na fari rumfarsa cike da atamfa ta jika 500, amma jika 450 na uban ɗakinsa ne a Kano. Na biyu kayansa na jika 200 ne kawai, ba wanda ke binsa ko dala. Mai wucewa zai ce na fari ne attajiri. Amma ran da uban ɗaki ya aiko, na fari jika 50 ke gare shi, watau na biyu ya ninka shi har huɗu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Haka ƙasashe suke, sai dai akwai ƙari. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har manyan ƙasashe. Bashin gwamnatin Amurka ya haura dala tiriliyan 36 a 2024, watau miliyar dubu 36 na kuɗinsu. Bashin gwamnatin Japan ya fi ninki biyu na dukan abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Duk da haka ba wanda ya ce da su matsiyata. Don me? Domin Amurka da kuɗinta take cin bashi, ita ce kuma ke buga kuɗin. Japan kuwa galibin bashinta 'ya'yanta da bankunanta ke binta, kuma abin da ta mallaka a ƙasashen waje ya fi abin da baƙi suka mallaka a cikinta nesa ba kusa ba. Fiye da shekara 30 ita ce ta ɗaya a duniya wajen wannan rara, sai a 2024 Jamus ta sha gabanta. Mai gida da matarsa ke bi bashi, hatsin bai fita gida ba. Wanda baƙo ke bi, da kaka buhu zai bar gida.

Ku dubi kuma Norwe. Ta sami mai a teku, ta kafa asusu a 1990 don ajiye ribarsa, a 2017 abin da ke ciki ya haura dala tiriliyan 1. Man da ta haƙo ta mai da shi wata dukiya mai haihuwa. Wannan abin lura ne ƙwarai, domin ma'adini ba kamar gero ba ne da za a sake shukawa baɗi. Kowace tan da aka fitar daga Arlit, rumbun ƙasa ne ya ragu. In kuɗinta bai zama rijiya ko makaranta ko hanya ba, mun sayar da gado mun ci.

Tarihinmu ya isa ya zama malami. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971. Wajen 1978 laba guda ta haura dalar Amurka 40, kuɗi suka shigo, bankunan waje suka yi ta miƙo bashi, gwamnati ta yi ta karɓa bisa zaton kasuwa za ta dawwama. A wannan zamani ne aka tada manyan gine-ginen Yamai irin su Otel Gaweye. Daga 1980 farashi ya yi ta gangarawa har ya koma wajen dala 10, bashi kuwa bai sauka da shi ba. A 1983 sai da Nijar ta je Paris ta roƙi masu binta su ɗaga mata lokacin biya, ta kuma shiga hannun Asusun Lamuni na Duniya da sharuɗɗansa na tsuke bakin aljihu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sa'an nan ga abin da ya faru a Janairun 1994. Aka taru a Dakar aka karya darajar sefa da rabi: faran guda na Faransa da ke kan sefa 50 ya koma sefa 100. Dare ɗaya, bashin da ake binmu da kuɗin waje ya ninka in an lissafa da kuɗinmu, alhali ba a ƙara mana ko allura ba. Wannan shi ne sharrin cin bashi da kuɗin da ba kai ke hukunci a kansa ba. Sai a 2004 da 2006 aka yafe wa Nijar babban kaso na bashinta, bayan shekara 20 muna biya da guminmu. Maƙwabciyarmu Nijeriya ma, da dukan manta, sai da ta biya wajen dala miliyar 12 kafin a yafe mata miliyar 18 a yarjejeniyar 2005.

Yanzu mu dawo gida. A hanyar Tanut, arewa da birni, ga matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 don tace ganga 20,000 a yini. Abin alfahari ce ga Damagaram, ba mu musa ba. Amma a sa ta a ma'auni. An ce gininta ya ci wajen dalar Amurka miliyan 980, da kuɗin aro aka yi aikin, kuma kashi 60 cikin 100 na kamfanin CNPC na Sin ne, 40 ne na Nijar. Wanda ya nuna hayaƙinta ya ce ga dukiyarmu, ya faɗi ƙasa da rabin gaskiya. Haka kuma a Afrilun 2024, gab da a soma fitar da ɗanyen mai ta bututun Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga wannan kamfani, da ruwan kashi 7 cikin 100, a biya da mai cikin wata 12. Kowane manomi ya san sunan wannan ciniki. Shi ne cin bashi da bazara a kan hatsin da bai ko tsira ba, kuma kowa ya san wanda ke yanka farashi a irin wannan rana.

Kada a ce mun haramta bashi. Fataken Zango tun zamanin Sarki Tanimun da bashi suke karɓar kaya daga Larabawan Tarabulus, su biya da fata da gashin jimina, su kuma ci riba. Bashin da ya sayi raƙumi, raƙumin zai biya shi. Bashin da aka yi biki da shi, gona ce za ta tafi. Ƙasa ma tana tafiya. Masar ta ci bashin Turawa har a 1875 ta sayar wa Ingila rabonta na mashigin Suwez a kan fam miliyan 4, a 1882 sojan Ingila suka shigo. Tunis ta kasa biya, a 1869 masu binta suka kama baitulmalinta, a 1881 Faransa ta hau kanta. Takardar bashi ce ta riga bindiga isowa. Mu da muka karɓi mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960 bai kamata mu manta da wannan ba.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe, duk sa'ad da babban mutum ya zo da albishir cewa an samo mana miliyoyi, kada a yi gaggawar tafi. A tashi da ladabi a yi masa tambaya huɗu. Kyauta ce ko bashi? Wa ke binmu, kuma da wane irin kuɗi za a biya? Me aka jinginar? Abin da za a yi da kuɗin, zai haifi abin biyansa? In ya amsa, a rubuta. In ya yi shiru, a rubuta shirun.

Muna kuma neman kowace gwamnati, ko ta wace ce, ta riƙa bayyana wa jama'a jimlar bashin ƙasa sau ɗaya a shekara, da Hausa da sauran harsunanmu, a rediyo, tare da sunan mai bi da ranar biya. Talaka ne ke biya ta hanyar lanho da harajin kasuwa da tsadar kaya, ɗan da ba a haifa ba shi ma zai biya. Wanda zai biya yana da hakkin ya ji adadin.

Sakatarorin rassa su karanta wannan takarda a taron mako, su yi misalin 'yan kasuwan nan biyu da tsakuwa a ƙasa don waɗanda ba su yi karatu ba, sa'an nan a miƙa ta ga reshe na gaba. Allah ya raba ƙasarmu da bashin da ya fi ƙarfinta, amin.