Itacen Girki Da Makomar Ƙasar Gumel

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu, 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, hankalin jama'a ya koma kan kuɗin mota da tsadar abinci. Amma akwai wata ɓarna da ke biyo bayan tsadar makamashi wadda ba a cika ambatonta ba. Kananzir ya riga ya fi ƙarfin talaka tun 2016, da aka daina tallafa masa. Gas ɗin girki, wanda ma'aikata a birane suka fara sabawa da shi, shi ma ya yi tashin gwauron zabo. Magidanta da yawa sun jingine tukunyar gas sun koma ga itace da gawayi. Gawayin nan kuwa ba a birni ake samunsa ba, daga karkara ake ɗauko shi, buhu-buhu.

Idan ana neman inda wannan al'amari ya fi haɗari, sai a dubi masarautar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙasa ce mai rairayi, daminarta ba ta wuce wata uku zuwa huɗu ba, kuma iyakarta ta arewa ta haɗu da Jamhuriyar Nijar. Dattawan Ɗanzomo da kewayenta ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A irin wannan ƙasa itace ba ado ba ne. Shi ke karya ƙarfin iskar farkon damina, wadda kan binne gero yana ɗan tsiro har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Shi ke riƙe ƙasa, ganyensa kuma ya zama taki. In itace ya yi wuya, mata kan koma ƙona kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su ruɓe a gona. Ke nan murhu yana cin daji, sannan ya juyo yana cin gonar kanta.

Gawayi ya fi itace ɓarna. A irin ramin da ake ƙona shi na gargajiya, sai an ci aƙalla kilo 5 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi, kuma masu sana'ar manyan itatuwa masu tauri suke nema, waɗanda suka shekara talatin ko hamsin suna girma.

Ga kuma batun hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda galibinta daga girki da itace da gawayi da makamantansu take, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya cikin 2020. Mata da ƙananan yaran da ke goye a bayansu su suka fi shaƙarsa. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafin wutar a banza, abin da ke isa ga tukunya kaɗan ne. Yanzu ma an ƙara da wata mummunar al'ada ta hura wuta da leda, alhali hayaƙinta guba ne.

Ba za a ce hukumomi sun naɗe hannu ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake dasa jerin itatuwan kare iska a arewacin tsohuwar Jihar Kano, wadda aka cire Jigawa daga cikinta a 1991, kuma darbejiyar da ke ba garuruwanmu inuwa shaida ce cewa dashe yana kamawa in an kula da shi. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, mai tsawon kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Nijeriya ta kafa wa shirin hukuma ta musamman a 2015, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Sai dai rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa abin da aka farfaɗo a ainihin yankin ganuwar bai wuce hekta miliyan 4 ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa halartar bikin dashen itatuwa. Manya su dasa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin bazara awaki da ƙishirwa sun gama da shukar, domin babu wanda ya ɗauke ta tasa.

Batun murhun zamani ma haka ya kasance. A ƙarshen 2014 Gwamnatin Tarayya ta amince a kashe Naira biliyan 9.2 don sayen murhu 750,000 a raba wa matan karkara. Shirin ya ƙare cikin taƙaddama, matan da aka yi dominsu kuwa suka ci gaba da hura wuta kamar jiya.

Abin mamaki shi ne, maganin da ya fi aiki yana nan ƙetaren iyaka, wajen mutanen da ke kawo dabbobi kasuwar Maigatari kowace Alhamis. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a jihar Maraɗi, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa. Sai ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya. Maimakon a sare tohon duka, sai manomi ya zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi ya bari, ya datse sauran. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba ta bukatar ban-ruwa, kuma cikin 'yan shekaru kalgo ko sabara ya zama itacen da za a riƙa rage wa reshe ana girki. Mutanen Nijar suka raɗa wa aikin suna sassaben zamani.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Yankunan Magarya da Matamaye da Mirya, waɗanda ƙasarsu da ruwansu da harshensu duk irin na Gumel ne, sun cika da gawo. Kowane manomi ya san halin gawo: da damina yake kaɗe ganyensa, don haka ba ya hana gero rana, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Amma dabara kaɗai ba ta isa ba. Abin da ya sa ta bazu shi ne, ma'aikatan gandun daji na Nijar sun sassauta riƙon da suke yi wa itatuwan gonaki tun zamanin Faransa, har manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, ba za a ci shi tara ba don ya sari reshensa. Dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara ƙarfafa wannan.

Nan ne ya kamata ma'aikatanmu su tsaya su yi tunani. Hana sare itace da ƙona gawayi yana da kyau a kan 'yan kasuwar da ke lodin manyan motoci. Amma in dokar ta faɗa kan manomin da ya datse reshen itacen gonarsa, to, an koya masa ke nan ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, kada ya zame masa abin shari'a. Wajibi ne dokar jiha ta fito fili ta bambance itacen gona da na gandun gwamnati, a kuma sa hakimai da dagatai su tsara ƙa'ida tsakanin manoma da makiyaya kan sassaƙar ganye da rani, domin a nan ne rigima kan taso.

Wutar hasken rana tana da nata amfanin. Tana tura famfunan ruwa, tana haskaka asibitocin karkara, tana rage hayaƙin janareta. Sai dai a farashin yau ba ita za ta tuƙa tuwon gidan mutum goma sha biyar ba. Itace zai ci gaba da zama makamashin karkara na shekaru masu yawa, saboda haka abin nema shi ne a riƙa noma shi, a kuma rage yawan wanda ake ƙonawa da murhun laka ko na ƙarfe wanda magina da maƙeran gari za su iya yi su kuma gyara.

Kuɗin yin haka ba su ɓata ba. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da bashin Dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja, bashin da ɗaliban yau ne za su biya shi. Kuɗin da ake kashewa a bikin dashe guda ɗaya sun isa a kwashi manoman Ɗanzomo da Gagarawa mota-mota, tare da malaman gona, a kai su Magarya su yini a gonakin takwarorinsu kafin sharar gona mai zuwa.