Wasiƙa zuwa ga masu kula da bakwaini a ɗakin kwalba



Magana nake so mu yi a kan iskar kabon dayoksaid a jinin jariran da aka haifa kafin cikar mako 32. Idonmu kullum yana kan na'urar oksijin da ke manne a ƙafar jariri. Ta nuna 92, hankali ya kwanta. Alhali na'urar nan ba ta san komai game da iskar da huhu ke fitarwa ba.

Ita wannan iska ce ke buɗe jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, ita ke tsuke su. Idan ta yi yawa, jijiyoyin su buɗe, kuma na bakwaini ba su yi ƙwari ba, suna iya fashewa, musamman a kwana 3 na farko. Idan ta yi ƙasa, wato ta sauka ƙasa da 35 a ma'aunin mmHg, balle ta kusanci 30, sai su tsuke, jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa. Wannan ya fi tayar mini da hankali, domin jaririn yana kwance lafiya lau a ido, sai daga baya uwa ta ga ɗanta ya kasa zama, gaɓoɓinsa sun sandare.

Sau da yawa hannunmu ne sanadi. Jariri ya ɗauke numfashi, mu ɗauki jakar hura iska muna matsawa da sauri saboda firgici. Don Allah a sassauta, ƙirji ya ɗan ɗaga kawai ya isa. Haka bayan an ba da maganin huhu na safaktan: huhu kan yi laushi cikin ɗan lokaci, injin numfashi kuwa yana nan kan ƙarfin da aka saita tun farko. A auna, a rage.

Jaririn kilo 1 jininsa kusan mililita 90 ne kawai, ba za a yi ta tsikarar diddigensa ba. Inda akwai na'urar auna kabon dayoksaid da ake liƙawa a fata, a yi amfani da ita, a riƙa sauya mata wuri duk bayan 'yan awanni, domin tana da ɗumi, fatar bakwaini kuwa ba ta jure ƙuna. Wadda ke auna iskar a bakin bututun numfashi takan nuna ƙasa da gaskiya, saboda iska na zurarewa ta gefe. Duka biyun a riƙa gwada su da awon jini.

A rubuta lambar kabon dayoksaid tare da lokacinta, wanda zai karɓi aikin dare ya ga ko hawa take ko sauka.

Wassalam.