Layin Da Babu Kome A Cikinsa

Karmo, wadda ke kusa da Idu a yammacin birnin Abuja, tana cikin wuraren da ke wahalar da ma'aikatan ƙididdiga. An ƙidaya jama'ar Nijeriya a watan Maris na 2006, a zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, wanda a lokacinsa ne aka rushe gidaje masu ɗimbin yawa a Idu da Karmo, mutane suka watse, daga baya wasu suka zo suka cika wurin. Tun daga wannan shekara ba a sake ƙidaya ba. Saboda haka rahoton da asibitoci ke aikawa kowane wata, wanda ake tarawa a kwamfuta cikin tsarin DHIS2, ya zama babban madogara ga masu tsara rabon magani da allurar rigakafi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan wani ƙaramin asibiti bai aika da rahoton wata guda ba, sau da yawa jadawalin da ma'aikaci ya zazzago ba ya nuna giɓi. Layin wannan wata ba ya nan sam, sai Afrilu ya bi Fabrairu kamar babu Maris a duniya. Aikin farko shi ne a cusa layi wanda ba kome a cikinsa sai sunan asibiti da na wata. A manhajar Stata umarnin tsfill ne ke cike irin wannan giɓi na lokaci, insobs kuwa yana saka layi a duk inda aka nuna masa. Masu aiki da R suna da complete a cikin tidyr. Stata na sa ɗigo a gurbin, R na rubuta NA, ma'anarsu ɗaya: ba a sani ba.

Kuskuren da ya fi muni shi ne a cike gurbin da sifiri don jadawali ya yi kyau a ido. A ɗauka, a misali, asibiti na yi wa yara 100 allura kowane wata, amma rahoton wata 9 kaɗai ya iso. Idan an bar gurabe 3 fanko, matsakaici ya tsaya a 100. Idan an zuba sifiri, sai ya faɗo zuwa 75, a rage wa asibitin kaso a shekara mai zuwa, alhali kuwa yaran suna nan, takarda ce kawai ba ta iso ba. Uwar da aka ce ta koma gida allura ta ƙare ba za ta taɓa sanin dalili ba.

Shi ma layin fanko yana da nasa tarko. Stata na ɗaukar ɗigo a matsayin abin da ya fi kowace lamba girma, don haka wanda ya nemi watannin da aka haura 100 zai ga watannin fanko sun shigo ciki, sai fa in ya fitar da su da gangan. R kuma ba za ta ba da matsakaici ba sai an umarce ta ta tsallake NA. Amma layukan da wasu ke sakawa don ado kawai, watau don raba unguwa da unguwa, a takardar da za a buga ya kamata a yi su, domin a cikin kundin lissafi suna ƙara yawan layuka ne, su ɓata ƙidaya.