Kyan Ɗa Ya Gaji Ubansa, Amma Wane Gado?

Karatu: Irmiya 35, 1 Bitrus 1:18-19



Kwanakin nan wata tallar wuski daga Amurka tana yawo a wayoyinmu, daga Gaya har Ajingi. Dattijo ne mai furfura a cikin rumbun ganguna, ɗansa a gefensa, yana ba da labarin yadda gidansu ya gaji dafa barasa kaka da kakanni. Bayan an tashi daga zumunta, wani ɗan'uwa ya tsayar da mu a ƙofar majami'a ya ce, "Ga Turawa Kirista suna alfahari da sana'ar giya, har an ce fasto ne ya ƙirƙiro irin wannan wuskin. Mu me ya sa muke jin kunyar tukunyar burukutun iyayenmu mata? Ai kyan ɗa ya gaji ubansa." Wasu suka yi dariya, wasu suka gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan ne ya sa muka zauna muka rubuta wannan. Amsarmu a taƙaice ita ce, gado ba ya tsarkake sana'a.

Bari mu fara da Turawan, tunda su aka kawo mana shaida. Wuskin da suke kira bourbon yawancinsa a jihar Kentaki ake yin sa. Dokarsu ta ce masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin, a kuma adana shi a sabuwar gangar katako da aka babbake cikinta. Gidan da ya fi suna shi ne na Beam. Jacob Beam ya fara sayar da wuski a 1795. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin Amurka ta haramta barasa, da aka ɗage dokar sai James Beam, yana dab da shekara 70, ya sake gina matatar. Har yau zuriyarsa ce ke lura da dafuwar. Amma abin da talla ba ta cika faɗa ba shi ne, a 2014 kamfanin Suntory na Japan ya saye kamfanin Beam a kan kuɗi wajen dala biliyan 16. Sunan kaka yana kan kwalba, riba tana tafiya wani wuri. Labarin iyali shi ma haja ne, da shi ake sayar da kwalbar.

Sai faston. Sunansa Elijah Craig, mai wa'azin Baftis ne, ya rasu a 1808. Gaskiya ne an taɓa ɗaure shi a Bajiniya saboda wa'azi, gaskiya ne kuma ya dafa wuski a Kentaki. Cewa shi ya ƙirƙiro bourbon kuwa, masana tarihi ba su yarda da wannan ba. Kamfanin Heaven Hill, wanda gidan Shapira ke riƙe da shi tun 1935, shi ne yake buga sunan faston a kwalba. To, ga abin da ɗan'uwanmu bai sani ba: Elijah Craig yana da bayi. Idan "fasto ya yi" ya isa hujja, sai mu halatta cinikin bayi ke nan? Kuma in faston Amurka ake nema, akwai wani. A jihar Tenesi, Jack Daniel ya koyi dafa wuski a gonar wani mai wa'azin Lutara, Dan Call, a hannun wani bawa mai suna Nearest Green. Labarin da ake bayarwa shi ne, jama'ar ikilisiya suka matsa wa faston ya zaɓi ɗaya, bagadi ko tukunya, sai ya bar tukunyar. Me ya sa ba a turo mana bidiyon wannan ba?

Yanzu mu dawo gida. Babu wanda zai koya mana yadda ake burukutu. Da yawa cikinmu mun tashi muna gani. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a sake dafawa, a bar ta ta tashi. Aiki ne na kwanaki, ga cin itace, ga cin ruwa, ga hayaƙi a ido. Uwa ce take koya wa 'ya, kamar yadda ita ma ta koya wurin uwarta, tun zamanin da kakanninmu suke cikin maguzanci, lokacin da gayya ba ta cika sai da giya, biki ma haka, tsafi ma haka. Ba mu raina wahalar matan nan ba. Wasunmu da kuɗin burukutu aka biya mana makaranta, aka sai mana takalmin Kirsimeti. Wanda ya yi musun haka ya yi ƙarya a gaban Allah.

Amma kuɗin daga aljihun wa ya fito? Kentaki tana tura kwalabenta ƙetaren teku, mai dafawa ba ya ganin fuskar mai sha. Mu kuwa mun san mai shan. Kawunmu ne, maƙwabcinmu ne, mijin wata a zumuntar mata ne. Mun san magidancin da yake ɗibar dawa a rumbu da kaka ya kai gidan giya, watan Agusta ya zo yana neman rancen kwano biyu. Mun san matar da take zuwa sujada da kumburarren ido ta ce ƙofa ce ta buge ta. Mun san matashin da ya fara da ƙwarya ɗaya a wurin gayya, ya wuce zuwa ogogoro da 'yar leda, yanzu babur ma ba a iya ba shi. Kuɗin makarantar wani yaro, abincin daren wani yaron ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce barasa tana jawo mutuwar mutum wajen miliyan 2.6 a shekara. A 2015 gurɓataccen ogogoro ya kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas. Amma mu ba ma bukatar alƙaluma, muna da kaburbura a bayan gari.

Za a ce mana, Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi a Kana, Bulus kuma ya shawarci Timoti ya ɗan sha saboda cikinsa. Haka ne, ba za mu yage waɗannan shafuka ba. Ba mu ce duk wanda ya taɓa kurɓa ya rasa ceto ba. Amma gardamarmu a kan sana'a ce, wato mutum ya kafa abincin gidansa a kan buguwar ɗan'uwansa. Mai sayarwa ba ta cin riba da mai shan ƙwarya ɗaya ya tafi, ribarta tana wurin wanda ya kasa tashi. Habakuk 2:15 ya furta kaito a kan mai shayar da maƙwabcinsa har ya bugu. Romawa 14:21 ta ce gara a bar nama da ruwan inabi da a sa ɗan'uwa tuntuɓe. Wanda ya san Kana ya kamata ya san waɗannan ma.

Batun gado kuwa, Littafi Mai Tsarki bai bar mu a duhu ba. A Afisa, Dimitiriyas maƙerin azurfa ya tayar da gari domin bishara ta taɓa sana'arsu, yana fakewa da darajar allahiyarsu alhali aljihunsa yake karewa. Bitrus kuma ya tuna wa masu bi cewa an fanshe su daga rayuwar banza da suka gada wurin kakanni, da jinin Almasihu. Sannan ga Rekabawa a Irmiya 35. Annabi ya kai su Haikali, ya ajiye musu tuluna cike da ruwan inabi, suka ƙi sha, domin kakansu Yonadab ya hana su. Allah ya yaba musu, ya kafa su misali ga Yahuza duka. Ashe ƙin sha ma ana gadonsa, kuma wani ne ya fara shi. Mu mutanen Gaya mun san gado mai kyau. Tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka je Dutsen Dala neman tama, har garin Kano ya kafu. Ƙira tana fitar da fartanya, fartanya tana cika rumbu. Tukunyar giya kwashe rumbun take yi.

Kada kuma wani ya ɗauka tsoron Hisba ne yake magana a bakinmu. Mun san dokar jihar Kano ta hana sayar da barasa, mun ga yadda aka farfasa kwalabe kusan miliyan 2 a Nuwamban 2020. Amma ko gobe aka soke dokar, matsayinmu ba zai canja ba. Abin da ya fi damunmu shi ne shaidarmu. Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, idon maƙwabtanmu Musulmi yana kanmu. In mashayi daga wani gari ya san cewa unguwar Kirista ce wurin samun abin sha, da wane baki za mu yi masa bishara?

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ikilisiya ba mu da gaskiya cikakkiya a wannan magana. Muna karɓar baikon gwauruwa mai burukutu ranar Lahadi, mu yi gulmarta ranar Litinin. A dakatar da ita daga Jibin Ubangiji, amma magidancin da ya sha bashin ƙwarya goma a wurinta yana zaune a kujerar gaba. Mu matasa ma, muna toshe hanci in mun wuce gidanta, amma in ɗan'uwa ya dawo daga Sabon Garin Kano da kwalba mai rubutun Turanci sai mu ce ya waye. Wuskin nan aƙalla kashi 40 cikin ɗari nasa barasa ce zalla, ya ninka burukutu ƙarfi sau da yawa. Bambancinsu kwali ne da farashi. Kuma cewa mace ta fasa tukunyarta ba tare da an nuna mata abin da 'ya'yanta za su ci ba, wannan ba wa'azi ba ne, zalunci ne.

Don haka ga abin da muke kira a yi, tun daga kakar bana. Na farko, duk gayyar da zumuntar matasa za ta je, da kunu da fura za a yi ta, in mai gona ya kawo giya mu yi masa aikin mu ƙi sha. Na biyu, mu roƙi dattawa da zumuntar mata a kafa adashi na musamman domin duk wadda ta yarda ta bar dafuwa. Hannun da ya iya tsiro da tata ya iya kunun zaƙi, ya iya daddawa, awara, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ya iya kiwon awakin da za a kai kasuwar Wudil ranar Juma'a. Na uku, mu zama masu sayenta na farko. Na huɗu, duk wanda ake binsa bashin giya a cikinmu ya biya, ya tuba. Kai kuma da mahaifiyarka take dafawa, kada ka je mata da tsawa. Ka durƙusa ka gode mata, ka ce, "Inna, kin sha hayaƙi dominmu, yanzu bari mu ɗauke miki."

Ɗan'uwanmu ya yi gaskiya, kyan ɗa ya gaji ubansa. Tambayar ita ce me 'ya'yanmu za su gada a wurinmu. Yonadab ma wata rana ce ya fara.

Ya Ubangiji, ka gafarta mana inda muka ci daga tuntuɓen 'yan'uwanmu, da inda muka hukunta iyayenmu mata ba mu taimake su ba. Ka buɗe musu wata hanyar abinci, ka kwance waɗanda sha ya ɗaure, ka ba mu gadon da ba za mu ji kunyar barinsa ba. Cikin sunan Yesu, amin.