Shafa Fenti Ba Shi Ne Gyaran Gida Ba

Abin mamaki ne yadda masu sayar da gidaje a biranen ƙasar nan suka ɗauka cewa da zarar an shafa wa bango farar ƙasa ko fenti, to, shiri ya kammala. Dillali ya kawo mai saye da rani, a nuna masa zaure yana ƙyalli, a yi ciniki, a biya la'ada. Ruwan Agusta na sauka sai rufi ya fara yoyo, tsagar da aka lulluɓe ta buɗe, magana ta kai gaban alƙali. Shari'a kuwa ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa.

Kamata ya yi mai gida ya fara da indararo da magudanar ruwa, ya yashe rijiya, ya gyara masai, sa'an nan ya dubi takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta hana sayar da fili mai satifiket sai da amincewar Gwamna. In kuwa gidan gado ne, lalle ne a nemi yardar dukan magada, har da matan da ke gidajen aurensu, waɗanda sau da yawa sai an gama ciniki suke jin labari.