Kafin Ka Haƙa Tushe, Ka Tambayi Hanyar Ruwa

Shekara shida ke nan da na samu fili a gefen garin Geceme. Ranar da muka ja igiya da magini, wata dattijuwa maƙwabciyata ta leƙo ta ce: "Malam, ɗana, nan fa hanyar ruwa ce." Na ce: "Inna, ai da siminti zan yi." A damina ta biyu ruwa ya zo, ya kasa rusa katangata, sai ya karkata gidanta ya kwantar da ɗakin laka da jikokinta ke kwana. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma har yau ina jin nauyin haɗa ido da ita.

Ƙasarmu tana da doka kan irin wannan. Doka mai lamba 2018-28 ta ranar 14 ga Mayun 2018 ta tanadi a binciki illar da aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi, kuma akwai ofishin ƙasa, BNEE, mai duba rahotannin. An kasa ayyuka gida huɗu gwargwadon haɗarinsu. Dogon bincike na manyan ayyuka ne, irin su hanyar kwalta, madatsar ruwa da haƙar ma'adinai. Mai gina ɗaki biyu da zaure babu mai tambayarsa komai. To amma gida ɗari da aka gina babu tunani suna iya toshe kwari guda, kuma ruwa bai san wanda doka ta yafe wa ba.

Mu da ke zaune cikin Dallol Mawri, daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri da Geceme, a kan tsohuwar hanyar kogi muke. Ƙasar rairayi ce, ruwan ƙasa yana kusa, ruwan tudu kuma kanmu yake gangarowa. Mun ga daminar 2024: ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi a Nijar, kusan 400 suka rasu, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, wasu azuzuwan sun lalace, wasu an tsugunar da mutane a ciki.

Shawarata ita ce duk mai niyyar gini ya amsa tambaya huɗu a takarda guda, da Hausa, kafin ya sayi buhun siminti ko ɗaya. Ta farko, ina ruwa yake bi a filin nan, kuma in na tare shi gidan wa zai shiga? Ta biyu, taku nawa ne tsakanin masai da rijiya mafi kusa? Masana lafiya suna cewa kada ya gaza mita 30, domin a rairayi ƙazanta tana tafiya ta ƙarƙashin ƙasa. Ta uku, daga ina zan ɗebi ƙasar tubali, kuma wa zai cike ramin? Kududdufin da muke bari shi ne gidan sauro, shi ne kuma inda yara ke faɗawa. Ta huɗu, wane itace zan sare? Gawo yana cikin itatuwan da dokar gandun daji ta kare, kuma mai sare shi a rana ɗaya ba zai ga madadinsa ya girma ba sai ya tsufa.

Na san abin da wasu za su ce: sabuwar takarda, sabuwar hanyar karɓar kuɗin talaka. Tsoron yana da dalili. Shi ya sa nake cewa kada a sa mata ko dala, kada a nemi hatimin Yamai ko na Dosso. A karanta ta a gaban mai unguwa da maƙwabtan da ke iyaka da filin, a ajiye kwafi a ma'aikatar magajin gari. Maƙwabci ya fi kowane ƙwararre sanin inda ruwa ya tsaya bara.

Mu malamai muna da rabonmu. Muna koya wa yara awo da zaizayar ƙasa a allo, alhali ga misalin a ƙofar makaranta. Bayan ruwan sama, a fita da ƴan aji shida su zana taswirar unguwarsu, su nuna inda ruwa ya bi, su auna tsakanin masai da rijiya. Iyaye kuma, in yaro ya kawo wannan taswira, ku duba ta kafin ku kira magini.

Ni dai bara na fasa ƙasan katangata na buɗe wa ruwa kafa, na kuma biya tubalin ɗakin Inna. Kuɗin ya ninka abin da zan kashe da na saurare ta tun ranar jan igiya.