Ku daina kwafar lambar da ba ku san aikinta ba: auna tazara a cikin gem lissafin aji biyu ne

Jama'a, yau magana zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Kullum saƙo ɗaya ne: "Malam turo mana fayil ɗin kawai, ba ma son bayani." Jiya wani ƙanena nan Kagara ya ƙone datarsa wajen sauke mod na GTA San Andreas wanda ya kamata ya buɗe ƙofa idan ka matso. Yana can saman bene, ƙofar tana ƙasa, ta buɗe. Sai ya ce wayarsa ce ta lalace. Wayarka lafiyarta lau, wanda ya rubuta abin ne ya manta da tsawo, kai kuma ba ka iya dubawa ba.

Abin haushin, wannan lissafin duk kun yi shi a ƙaramar sakandare, dokar Fitagoras, wadda kuke cewa ba ta da amfani a rayuwa. Magini ma da ita yake fitar da kusurwar ɗaki: igiya ƙafa 3, ƙafa 4, tsakaninsu 5.

Kowane abu a cikin gem yana da lambobin wuri uku, x, y da z. A ce kana x=100, y=200, mota tana x=103, y=204. Bambancin farko 3, na biyu 4. Ninka kowanne da kansa: 9 da 16, jimla 25. Wace lamba ce in ka ninka ta da kanta za ta ba da 25? Biyar. Tazararku ke nan.

Yanzu a ce motar tana ƙasa da kai da mita 12. Ƙara 144 a kan 25, ya zama 169, tazara ta koma 13. Biyar da sha uku ai ba ɗaya ba ne. A CLEO, umarnin 0509 x da y kawai yake aunawa, 050A ne ke haɗawa da z. Mod ɗin ƙanena na farkon ya ɗauka, gyaran bai wuce layi ɗaya ba.

Kuma masu kwafa daga YouTube, ku lura: a GTA z ne tsawo, a Minecraft da Roblox y ne. A Minecraft ɗin waya ana rubuta @e[r=10], wancan distance=..10 da kuke gani na Java ne, na kwamfuta. Ka manna shi a waya ya ƙi, sai ka zagi mai bidiyo.

Wani zai ce ai gem ɗin na yi mini lissafin, me ya dame ni? Gaskiya ne, yana yi. Amma kai za ka zaɓi wane umarni, kuma kai za ka gane amsar in ta fito a karkace. Sannan wallahi rabin masu kukan gem yana daskarewa, zagayen da ke auna tazara ne aka bari babu wait a ciki. Sa wait 250, ya riƙa dubawa sau huɗu a daƙiƙa, ƙofa ba ta buƙatar fiye da haka.

Ga aiki: kana 10, 10, 0, abokinka yana 12, 13, 6. Nawa ne tsakaninku? Wanda bai kawo amsa ba kada ya tambaye ni fayil.